Ɗigon da ke jikin kwanson ƙaguwar nan ba cuta ba ce

Ka tambaya ko ƙaguwar da ka gani a hoto, cikin kwanson dodon koɗi mai ɗigo-ɗigon ruwan hoda, ciwo ne ya kama ta. Lafiyarta ƙalau.

Daga bayaninka, ta yi kama da ƙaguwar da masana ke kira Pagurus prideaux, mai zama a ƙasan teku mai tsakuwa a arewa maso gabashin Atlantika da Bahar Rum. Bayanta laushi gare shi, shi ya sa take fakewa cikin kwanson da mai shi ya mutu. Ɗigon kuwa jikin wata halitta ce mai kama da fure, Adamsia palliata, da ke lulluɓe kwanson. Bakinta na ƙarƙashin na ƙaguwar, tana cin ragowar abinci, tana kuma harbin masu farauta da zaruruwa masu dafi. Abin da ya fi burge ni, takan ƙara wa bakin kwanson faɗi, sai ƙaguwar ta girma ba tare da yawan sauya gida ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne fizgo ƙaguwar daga kwanso, wanda kan yaga jikinta, ko zuba ta a ruwan famfo. Ruwan gishiri mai sanyi take bukata.

Dangin Pagurus suna kama da juna sosai. In kana son tabbacin jinsin, nuna wa masanin halittun teku hoton da ya fito da ƙafafuwanta.