Abin da ya sa tafkin Gidimuni ya fito maka fari fat

Yarona, na zauna na duba hotunan da ka zuba a kwamfutar shago, ɗaya bayan ɗaya, kuma na ji tambayarka. Ka ce mini: "Maigida, da idona na ga tafkin Gidimuni, ruwa shuɗi, dabino kore shar. Amma a hoto ruwan ya fito fari fat kamar sabon kwano, itatuwa baƙi ƙirin, gonakin kan hanya kuma sun kwanta kamar tabarma. Kamerar ce ta gaza, ko in nemi babban zum mai jawo nesa kusa?"

Kada ka sayi komai. Kamerar nan lafiyarta ƙalau. Lokacin da ke jikin hotunan na duba: na farko ƙarfe 11 da rabi, na ƙarshe ƙarfe 1 saura. Ka bar Damagaram da hantsi, mota ta tsaya Mirya ta sauke ta ɗauka, ka isa rana na tsakar ka, ka ɗauka a tsaitsaye, ka juyo don kada motar komowa ta bar ka. A nan ka yi asarar hotunan.

Idon mutum yana gyara kansa a kowane kallo. Ka dubi ruwa ya tsuke, ka dubi inuwa ya buɗe, kai kuwa ba ka ma sani ba. Kamera awo ɗaya take yi wa komai. Da tsakar rana tazarar da ke tsakanin hasken ruwa da duhun inuwar dabino ta fi ƙarfinta, sai ta ƙone ɗaya ta binne ɗaya. Gona kuma abin da ke ba ta siffa inuwa ce. In rana tana bisa kai, kunya ba ta da inuwa, tudu ba shi da inuwa, komai ya baje. In ta yi ƙasa tana dukan gonar daga gefe, kowace kunya sai ta miƙe da layinta, har sawun garma ka gani.

A ƙasarmu wannan haske mai taushi gajere ne, don rana takan haye da sauri. Lokacin ɗari takan ɓullo wajen ƙarfe 7 saura, kuma in ka samu minti 40 na haske mai kyau ka gode Allah. Wanda ya kwana a Damagaram zai sha wahala kafin ya riske shi a Gidimuni. Shi ya sa ni can nake kwana. Ina isa da la'asar, in fara da gaida maigari, in faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Daga nan in zaga bakin ruwa ba tare da na fito da kamera ba, in lura da inda rana za ta fito, inda kacala ta toshe kallo, inda masu lambu ke ɗibar ruwa, inda shanu ke gangarowa. In zaɓi wurin tsayuwa biyu, ba goma ba. Ana sallame sallar asuba ina can.

Sai ka tsaya a wurin nan sau ɗaya za ka gane abin da nake nufi. Iska ba ta tashi ba, ruwan kwance lumui, kowane dabino yana tsaye sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a cikin ruwa. Zalɓe na tsaye a gefe ko motsi ba ya yi. Can sai ka ji kukan kirinjijiya kafin ka gan su, su keto ƙasa-ƙasa. Da iskar hantsi ta kaɗa, fuskar ruwan ta yamutse, wannan hoton ya tafi sai gobe. Ba banza ba aka sa tafkin cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, kamar yadda aka sa na Lasuri tun 2005. Lokacin sanyi har tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai suna sauka a irin waɗannan ruwaye namu, don haka kada ka matsa musu har su tashi domin kawai ka samu hoton fiffike.

Saiti ba shi da wuya. Ka kafa ƙafa ukun da ake ɗora kamera a ƙasa mai tauri, don taɓo yana nutsewa a hankali ya karkatar maka da layin ruwa. ISO, wato ƙarfin jin haske na kamera, ka sa shi 100, buɗin idon kamera kuma f/8 ko f/11. Ka auna haske daga sararin sama, ka rage hasken mataki ɗaya. Duhun inuwa ana iya ɗago shi a kwamfuta in ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kamera ba ta sarrafa ba, amma farin da ya ƙone ba ya dawowa. In tsuntsu a sama kake so, ka ɗaga ISO ka kai saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa.

Akwai kuskure na biyu a hotunanka, kuma shi ya fi damuna. Babu komai a gabansu. Ruwa da sama kawai, ka raba su daidai a tsakiya. Mai kallo yana son inda zai sa ƙafa ya shiga. Durƙusa ka sa ganyen bado a gaba, ko bakin fangalin albasa da aka gama ba shi ruwa, ko turbar shanu da ta gangara tafki, ido ya bi ta ya shiga.

Gonaki kuwa, ka koyi kalandar manomi kafin ta kamera. Shamuwa ta dawo ta hau sheƙa, ka san damina ta kusa. A marka kore ya yi yawa har ya cushe, sai dai hadari in ya haɗo daga gabas da yamma liƙis, rana na dukan gero ta gabansa. Wannan hoto ne da ake jira shekara guda. Ni kaka na fi so: dammunan gero a jere, sabon rumbu, amalanke cike da harawa. Sannan gawo. Ka san shi kaɗai ke kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. Bi hanyar Matamai zuwa Magarya a watan Janairu ka gani: ƙasa ja, kara a bushe, gawo kore a warwatse har iyakar ganinka, yawancinsu manoma ne suka bar su suka girma a gonakinsu. Ka hau ɗan tudu ka ɗauka da yamma, inuwar kowanne ta miƙe. A fadamun Korama kuma ga rake, ga lambuna.

Ranar da hazo ya sauka kada ka nemi nesa, ba za ka same ta ba. Nemi abin da ke kusa, goriba ko giginya, ka sa farar ranar nan mai kama da faifai a bayanta. Kada ka kuskura ka cire idon kamera a fili cikin ƙura. A ɗaki ake canzawa.

Abu ɗaya na yi da har yau yake ci mini rai. Ina saurayi, na keta wani lambu da duhun asuba ina saurin kama haske, ashe irin albasa nake takawa. Dattijon mai lambun ya zo ya tsuguna yana ta da su ɗaya-ɗaya da yatsa, bai ce mini uffan ba. Na ba shi haƙuri, na biya, amma na san kuɗin bai mayar masa da kwanakin da ya yi yana ban ruwa ba. Tun ranar nan kan iyaka nake bi, kuma ba na ɗaga kamera ga mutum, balle matan da ke bakin ruwa, sai na yi sallama an yarda. Wanda na ɗauka, in na koma na kai masa nasa a wanke. Shingen jandarma da na soja kuwa, kamera a jaka take wucewa.

Kada ka shiga ruwan kwance da ƙafa don neman kusurwa, tsargiya gaskiya ce. Ka sa takalmi rufaffe saboda kububuwa a cikin kara.

Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu, ana saukowa daga masallaci mu rufe shago mu kama hanyar Gure tare zuwa Gidimuni. Ka cika batir biyu, ka share kati, ka ɗauko bargo da tocila. Ni ba zan taɓa kamerar ba, kai za ka zaɓi wurin tsayuwa tun da yamma, ka faɗa mini dalili.