Ƙanjamau: Likita na amsa tambayoyinku

Daga Zariya: Likita, har yanzu ƙanjamau tana nan? Na daina jin labarinta a rediyo.

Tana nan, sai dai ta ragu. A 2001 gwajin mata masu zuwa awo a Najeriya ya nuna kashi 5.8 cikin 100 na ɗauke da ita. Binciken gida-gida da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kashi 1.4 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, mutane kusan miliyan 1.9 ke nan idan an haɗa kowa. Arewa maso yamma ce mafi ƙaranci, kashi 0.6, Akwa Ibom da Binuwai kuwa suna sama. Hanyoyin ƙidayar biyu ba ɗaya ba ne, amma raguwar gaskiya ce.

Wata uwargida daga Kano: Maigidana zai ƙara aure. Ni ban taɓa sanin wani namiji ba sai shi. Akwai abin da zai shafe ni?

Hajiya, akwai. Mafi yawan masu kamuwa a ƙasar nan ta saduwar namiji da mace suke ɗauka, kuma da yawa a gadon aurensu. Binciken 2018 ɗin ya nuna mata kashi 1.9, maza 0.9, wato ninki biyu. Jikin mace ya fi saurin ɗauka, musamman yarinya ƙarama ko mai ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba. A gidan da ake rabon kwana, in cutar ta shiga ɗaki ɗaya tana iya zaga sauran. Kada a ɗora zargi kan amarya kaɗai, mu maza ma muna shigo da ita, kuma mu ne muka fi gudun gwaji. Tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure. Ku je ku uku. Wanda ya kamu kwanan nan gwajin farko na iya nuna ba komai, don haka a maimaita bayan wata 3. In an samu wani da ita, shan magani kullum har ƙwayar ta daina bayyana a jini yana hana ta wucewa ga abokin kwana. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Wani matashi: Jiya na yi kuskure ba kwaroron roba.

Tafi asibiti yau, ka nemi maganin kariya na PEP, wanda ake sha bayan saduwa don hana kamuwa. Sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28.

Daga Maraɗi: Sauro na yaɗa sida, wato ƙanjamau?

A'a. Haka cin abinci kwano ɗaya. Askar wanzami dai a tafasa ta ko a sa sabuwar reza.