Amsar tambayar Baffa kan wutar da ke falonmu

Baffa, barka da war haka. Na saurari saƙonka bayan ka ga hoton jikokinka zaune gaban wuta a falo, ƙofa da tagogi a rufe. Ka ce hankalinka bai kwanta ba, ka tambaya ko haka mutanenmu suke yi a Ingila. Da gaskiyarka, don ka san abin da kaskon garwashi ke yi wa mai barci a ɗaki lokacin hunturu.

Ba kowane gida ke da murhun nan ba. Yawancinmu a Manchesta da gas muke ɗumama gida. Sai da kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022 wasu masu tsofaffin gidajen jan bulo, har da ni, muka koma ga itace. Murhun akwati ne na baƙin ƙarfe mai ƙofar gilashi, hayaƙinsa ba ya shigowa ɗaki, ta sama yake fita.

Wurin fitar tasa ne aikin yake. Gidajen nan wasunsu sun haura shekara 100, kuma tun zamanin ƙona kwal aka gina musu hanyar hayaƙi a cikin bango har saman rufi. Tsufa ya sa abin da ya riƙe bulon ya zagwanye, hayaƙi kan iya sulalewa ta tsaga ya shiga ɗakin kwanan yara a sama, ko ma gidan maƙwabci, tunda bango ɗaya ya raba mu. Saboda haka ake hawa rufi a zuro bututun ƙarfe marar tsatsa mai lanƙwasuwa, faɗinsa galibi inci 6, a haɗa shi da murhun. Yana da wani amfanin kuma. Tsohuwar hanyar ta yi faɗi, hayaƙi yakan huce kafin ya kai sama, sai ya bar wani baƙin danƙo kamar kwalta a jikin bango. Ka tuna kunkunniyar da ke taruwa a rufin ɗakin girki na Goggo? To wannan ta fi ta haɗari, don ran da ta kama wuta, cikin bango take ci. A cikin matsattsen bututu hayaƙi yana riƙe zafinsa, ya tashi da sauri. Ana so tsawon hanyar ya kai aƙalla mita 4.5 don ta ja sosai.

Ramin da ka hango a ƙasan bango kuwa, ba kuskuren magini ba ne, mashigar iska ce. Wuta tana shan iskar da mu ma muke shaƙa. In ƙarfin murhu ya wuce kilowat 5, doka ta wajabta wannan kafa, kuma ba a rufe ta. A nan ne sabon zuwa yake yin kuskure: ya ji sanyi na shigowa, ya samo tsumma ya toshe. Ni ma wani dattijonmu ne ya fara ja mini kunne bayan sallar Juma'a, shi ya sa duk wanda ya tare a sabon gida, in mun je yi masa barka, sai ɗayanmu ya duƙa ya duba kafar. In iska ta gaza, wutar takan haifar da kabon monoksaid, iskar guba marar wari marar launi, irin wadda ke hallaka mutane in an kwana da janareto a cikin gida. Tun 2010 ba a kafa irin wannan murhu a Ingila sai da ƙararrawar da ke jin ta. Tamu tana nan sama da ƙofar falo.

Ba ma kafa murhu da kanmu. Ma'aikaci mai rajista ke yi, ya gwada da hayaƙi, ya ba da takardar shaida. Mai sharar bututu yana zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, wani lokaci har sheƙar tsuntsu yake fitarwa. Mutanen nan ba su manta da hayaƙin da ya lulluɓe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubbai ba, don haka ba sa wasa da maganar.

Itace mukan haɗa kuɗi gida uku ko huɗu mu saya tun da bazara, mu jera a rumfa. Sai busasshe, wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, don ɗanye shi ke tara danƙon nan. Gawayin gashin nama kuwa, ko ana ruwa ranar Sallah, a waje yake zama.

Sai roƙona, Baffa. Na san Goggo ba ta rabuwa da kaskonta in ɗari ya kankama. Don Allah a riƙa fitar da shi tsakar gida kafin ta kwanta, a kuma bar tagar sama a ɗan buɗe. Zan aiko da ƙararrawa biyu ta hannun mai zuwa gida a watan gobe, ɗaya ɗakinta, ɗaya naka. A gaida ta da kowa da kowa.