Tambayoyin Masu Karatu: Gidan Biltmore Fadar Sarki Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wani tamfatsetsen gida a Amurka mai suna Biltmore. Wane sarki ya gina shi, kuma dutse ne zalla? — Wani magini, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba sarki ba ne, attajiri ne, George Vanderbilt, wanda kakansa ya tara dukiya da jiragen ruwa da na ƙasa. An fara ginin a 1889 kusa da garin Asheville, aka buɗe shi a 1895. Mai zanen, Richard Morris Hunt, ya kwaikwayi fadojin da ke kwarin kogin Loire a Faransa. Ɗakuna 250 gare shi, da murhun ɗumama ɗaki 65.

Dutsen kuwa riga ce kawai. Cikin bangon jan bulo ne, ƙarafa na riƙe da rufi, sannan aka lulluɓe waje da farin dutse daga jihar Indiyana. A wurin aka riƙa gasa bulo, kusan 32,000 a rana, har layin dogo aka shimfiɗa don jigilar kaya. Fale-falen dutsen rufin ma, kowanne an huda shi an ɗaure da waya a jikin ƙarfe.

Babban abokin gābar irin wannan gini ruwa ne. Yana shiga tsakanin duwatsu, sanyi ya daskarar da shi, ya kumbura, dutse ya tsage. Wanda ya liƙe tsagar da siminti ya ƙara ɓarna, domin simintin ya fi dutsen tauri, kuma yana tare danshi a ciki. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ake sawa.