Sayen irin dankalin turawa tun da hunturu

Malam, ka tambaya ko ka sayi irin dankalin turawa tun yanzu da sanyi ka ajiye, ko ka jira saukar damina. Saya yanzu. Da zarar ruwan farko ya sauka a Bokkos da Mangu na Jihar Filato wajen watan Afrilu, kowa zai fito neman iri, kuɗinsa ya tashi, mai kyau kuma ya riga ya ƙare. Ka zaɓi masu girman ƙwan kaza, waɗanda fatarsu ba ta saɓulewa in ka murza da yatsa. Ka yanka biyu ko uku a gaban mai sayarwa. In ka ga zobe mai launin ruwan ƙasa a ciki, ka bar buhun gaba ɗaya, cutar yaushi ce, kuma tana daɗewa a cikin ƙasar gona.

Sharaɗin shi ne ajiya, don a nan yawancinmu ke asara. Kada ka bar shi a ɗaure cikin buhu a ɗaki mai duhu, zai fitar da dogayen tsiro farare masu karyewa da an taɓa, ya yamushe. Ka baza shi a kan katako, kada ya wuce hawa biyu ko uku, inda iska ke ratsawa da haske amma ba rana kai tsaye ba. Zai yi kore, kada hankalinka ya tashi. Ba na ci ba ne, amma tsironsa gajeru masu kauri su ake so. Duk mako ka duba ka cire wanda ya ruɓe, musamman in zafin Maris ya shigo.