Amsa ga mai tambaya kan injin kwashe dusar ƙanƙara

Wa alaikumus salam, Malam. Da farko Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a. Ka ce kun bar gidan haya na bene kun sayi naku a Minneapolis, garejinku na mota biyu ne, gidan kuma a kan kwana yake. Kana tambaya ko injin kwashe dusar ƙanƙara ya ci kuɗinsa ko shebur ya wadatar, in kuma za a saya, wanne ya dace. Na daɗe a jihar nan ta Minnesota ina wannan aiki duk hunturu, don haka ga abin da na gani.

Ka saya, kuma ka sayi mai mataki biyu. Babban dalilina ba dusar da take sauka daga sama ba ce. Ita wannan, idan sanyi ya yi tsanani, ba ta da nauyi, ko yaro zai ture ta da shebur. Abin da ke karya mutum shi ne tudun da motar share titi take bari a bakin hanyar garejinka. Ka gama sharewa tas, ka shiga ciki ka sha shayi, sai motar hukuma ta wuce ta tattaro dusar titi gaba ɗaya, jiƙaƙƙiya, haɗe da gishiri da yashi da dunƙulen ƙanƙara, ta jibge maka a ƙofa har gwiwa. Idan ka bar ta ta kwana, da safe ta daskare, shebur ma ba ya shiga. Kai da kake kan kwana naka ya fi na kowa, saboda motar tana zagayowa da kayan tituna biyu. Ga kuma hanyar masu tafiya a ƙafa ta ɓangare biyu, wadda duk a wuyanka take. Dokar Minneapolis ta ba mai gida irin naka awa 24 bayan dusa ta tsaya ya share wannan hanya, in bai yi ba hukumar birni na iya turo masu sharewa sannan ta caje shi kuɗin aikin.

Game da yawan dusar kuwa, abin da aka saba samu a nan ya ɗan haura inci 50 a shekara, amma shekarun ba sa kama da juna. A hunturun 2022 zuwa 2023 an samu wajen inci 90, na bayansa ko 30 bai cika ba. Tsofaffin garin har yau suna ba da labarin ta ƙarshen Oktoban 1991, wadda ta zubar da inci 28 a karo guda. Saboda haka akwai shekarar da injin zai yi ta zama a gareji har ka ji kamar ka yi asarar kuɗi, akwai kuma wadda za ka tayar da shi sau biyu a rana ɗaya.

Akwai abin da ya fi kuɗi muhimmanci a wurina, shi ne lafiyarka. Ban san shekarunka ba, amma yawancinmu da muka kai ga sayen gida mun haura arba'in, kuma hawan jini da ciwon suga sun yi mana yawa. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, ɗaga shebur cike da jiƙaƙƙiyar dusa kuma yana sa zuciya aiki mai tsanani farat ɗaya, ga mutumin da wataƙila wuni yake a zaune a ofis ko a mota. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tana gargaɗi a kan wannan duk shekara, kuma kowane hunturu ana samun waɗanda suka faɗi a ƙofar gidansu da shebur a hannu. Allah ya kiyaye mu. Idan likita ya taɓa yi maka maganar zuciya, to kada ma ka tsaya lissafi.

Yanzu bambancin injunan. Mai mataki ɗaya ƙarami ne, faɗinsa kamar inci 18 zuwa 22. Yana da fukafukin roba a gaba wanda yake goge ƙasa ya watsa dusar waje kai tsaye. Yana da sauƙin juyawa, ba ya cin wuri, kuma yana share siminti fes. Amma da zarar dusa ta wuce inci 8, ko ta jiƙe, sai ya fara kakarewa, kuma ba a sa shi a kan tsakuwa domin zai riƙa harba duwatsu. Mai mataki biyu kuwa haƙoran ƙarfe gare shi a gaba da suke farfasa dusar su tura ta ciki, sai farfela ta biyu ta cilla ta nesa ta cikin mazurari. Da kansa yake tafiya, yana da giyar gaba da ta baya, kai riƙewa kawai za ka yi. Shi ne yake cin tudun bakin titi. Mai faɗin inci 24 ya isar maka, ba sai ka kai ga 28 ko 30 ba, domin babba wahalar juyawa gare shi kuma zai matse muku motoci a gareji. Akwai mai mataki uku, amma gida irin naka ba ya buƙatarsa.

Na batir sun inganta ƙwarai a 'yan shekarun nan. Kamfanonin EGO da Toro duk suna yin masu mataki biyu. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba canjin mai, kuma za ka iya fita da shi bayan sallar asuba ba tare da ka tashi unguwa ba. Matsalarsa ita ce jiƙaƙƙiyar dusa tana shanye caji da wuri, batiran suna da tsada idan sun mutu, kuma dole ka riƙa ajiye su cikin gida inda akwai ɗumi. Da gidanka ba a kan kwana yake ba, da na ce ka duba shi. Amma da tsawon hanyar da ke gabanka, ni na fetur zan zaɓa maka, mai maɓallin tayarwa da ake jonawa da wutar gareji, don kada ka tsaya kana jan igiya da sandararrun yatsu.

A kamfanoni, Toro ɗan gida ne, hedikwatarsa tana nan Bloomington, Ariens kuma na maƙwabta ne a Wisconsin. Kayan gyaransu da masu gyaransu suna ko'ina a yankin nan, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a tsakiyar Janairu. Honda yana da kyau sosai, sai dai tsada. Ka ware abin da ya kai dala dubu ɗaya zuwa dubu ɗaya da ɗari biyar don sabo mai mataki biyu. Idan ka gwada da abin da masu zuwa da mota su share wa mutane dusa suke karɓa a hunturu guda, cikin 'yan shekaru ya mayar da kuɗinsa, kuma inji mai kyau yana haura shekara goma sha biyar idan an kula da shi. Na hannu ma ba laifi, ana samunsu da yawa a kasuwar Facebook. Ka dai ce wa mai shi kada ya tayar kafin ka zo, ka taɓa injin ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Ka leƙa cikin bakinsa ka duba tsatsa, ka tabbatar haƙoran da farfelar duk suna juyawa.

Kula da shi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa riƙe janareta a gida, injin kusan iri ɗaya ne. Abin da ya fi kashe su shi ne tsohon fetur. Man da ake sayarwa a yawancin gidajen mai yana da kashi 10 cikin ɗari na etanol, wanda yake jan ruwa, idan ya daɗe a tanki sai ya toshe kafireta. Ka nemi gidan man da ke sayar da marar etanol, akwai su a jihar nan, ko ka riƙa zuba maganin hana mai lalacewa. Idan hunturu ya ƙare, ka bar injin ya ƙone abin da ya rage har ya mutu da kansa kafin ka ajiye. Baƙin mai 5W-30, a canja sau ɗaya a shekara. Ka kuma sayi ƙusoshin haƙora na ajiya tun yanzu, idan injinka yana amfani da su. An yi su ne don su karye idan injin ya haɗiyi dutse ko tabarmar ƙofa ko daskararriyar jarida, su ceci giyar ciki. Kada ka yarda ka maye gurbinsu da noti na gama-gari.

Maganar da nake roƙonka ka riƙe da kyau, ka kuma gaya wa iyali: idan mazurarin ya toshe, kada hannu ya shiga ciki, ko da an kashe injin. Farfelar tana nan a ɗaure da ƙarfi, da zarar abin da ya tare ta ya fita sai ta juya, kuma haka mutane suke rasa yatsu duk shekara. Akwai sandar roba da take zuwa da shi don wannan aiki, ita za ka yi amfani da ita. Kada a tayar da shi cikin gareji a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Sannan sutura: ba a wannan aiki da doguwar riga ko jallabiya ko rawani mai jela, haka uwargida idan za ta taɓa shi, ta cusa hijabi ko mayafi cikin rigar sanyi. Yara su tsaya a ciki har ka gama, kuma kada ka juya bakin mazurarin wajen mota ko taga ko titi.

Shebur dai ba za ka rabu da shi ba, domin matakalar ƙofa da lungunan da injin ba ya shiga, tare da buhun gishiri don santsi. Kafin ƙasa ta daskare, ka kafa 'yan sandunan nan masu ƙyalli a gefen hanyar garejin don ka san inda siminti ya ƙare da inda ciyawa ta fara. Ka yi ƙoƙari ka saya a Satumba ko Oktoba, saboda da zarar dusar farko mai nauyi ta sauka, masu inci 24 ɗin su ne suke fara ƙarewa a shaguna. Idan ka kawo shi gida ka yi mini magana, in sha Allahu zan leƙo ranar Asabar mu daidaita masa takalman gefe, wato ƙarafan da ke tsayar da tazarar bakinsa daga ƙasa, in nuna maka yadda ake shiga tudun bakin titin da rabin bakin injin a giya ta ɗaya.