Ruwan filta: sai na tafasa shi kuma?

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Mun haƙa bohol a gida, ruwan fari tas amma yana da ɗan zartsi. Maigida ya sayo filta mai kwalabe biyu, mai kayan ya ce babu abin da ba ta cirewa. Ina da jaririya 'yar wata huɗu. In daina tafasa ruwa? Daga Maman yara uku, Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa, kada ki daina tukuna, kuma ban yarda da maganar mai kayan nan ba. Kowace filta da irin aikinta.

Buɗe kwalaben nan ki duba. Yawanci ta farko farin abu ne a ciki mai kama da dunƙulen auduga, aikinsa tare yashi da laka da tsatsa, kamar yadda rariya ke tare tsaki. Ta biyu gawayi ce, akasari na ɓawon kwakwa, wanda aka gasa har ya yi ƙananan ramuka marasa adadi. Kilorin da wari da ɗanɗanon da ba ya daɗi suna maƙalewa a jikin ramukan nan. Ruwa ya fito garau, ya yi daɗin sha, amma ƙwayoyin kwalara da taifod suna iya bi ta cikin biyun su wuce, gishirin da ya narke ma haka. Shi ya sa zartsin bai tafi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jaririyarki. Idan bohol ya yi kusa da masai ko sokawe, wani sinadari da ake kira naitiret kan tsiyaya cikin ruwan. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata. Gawayi ba ya cire shi, tafasawa kuma sai ta ƙara masa yawa, don ruwa ne ke tashi ya bar shi a tukunya. Dalma ma tafasawa ba ta cire ta. Haka kuma wani sinadarin da ake kira fulorayid, wanda yawansa a ruwan rijiyar burtsatse ya lanƙwasa ƙafafun yara da dama a Tibiri kusa da Maradi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita guda. Alhamdulillahi, kafin wata shida nono kaɗai ya ishi jaririyarki, ki tsaya a kansa.

Na'urar da ke iya da waɗannan narkakkun abubuwa ita ce wadda masu sayarwa ke kira RO. Famfo ne ke matsa ruwa ta cikin wata siririyar tantani da kusan ba abin da ke ratsa ta sai ruwan kansa. Tana da tsada, tana son wuta, kuma tana zubar da ruwa mai yawa, wanda za ki iya tarawa don wanki. Fitilar UV kuwa ƙwayoyin cuta take kashewa da haske, amma sai ruwan ya zama garau, kuma in an ɗauke wuta ta tashi aiki.

Kafin ku ƙara kashe ko sisi, ku ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ku kai ɗakin gwaji, a duba ƙwayoyin cuta da naitiret da fulorayid da dalma. Ku auna kuma tazarar bohol da masai, ana so ta kai mita 30.

Sai canjin kayan cikin filta. A wani ofis da na yi aiki, shekara biyu muna shan ruwan filta da alfahari. Ranar da aka kwance ta, farin abin nan ya koma ruwan ƙasa, gawayin yana yauƙi kamar kuɓewa, ga wani ƙarni. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin har baƙi muke ba wa. Tun daga nan nake rubuta ranar canji a jikin kwalbar, ba na bari gawayi ya wuce wata shida.

A yanzu ki tace, ki tafasa har ya yi minti 1 yana ɓararraka, ki zuba a mazubi mai murfi da famfo, kada yara su riƙa tsoma moɗa. In sakamakon gwajin ya fito, ki rubuto mini mu duba shi tare.